Tsarabar Inna

Shekara bakwai ke nan da aka hana shara a tsibirin Gungun Maje, saboda wani jan gizo-gizo mai girman ƙwayar gero, wanda duk duniya babu irinsa sai nan. Duk gidan da jami'ai masu duba gidaje suka tarar babu yanarsa, mutanensa sun bar tsibirin ke nan.

Lantana ta kasa natsuwa a layin famfo. Jiya innarta ta zo daga birni, ita kuwa nauyin baki ya hana ta faɗa mata dokar. Wa zai gaya wa uwarsa ƙazanta ta zama wajibi? Ta bar tulun a layi, ta koma gida da sassarfa.

Ta tarar da tsakar gida fes, har an yayyafa ruwa.

"Inna, me kika yi?"

"Abin da na koya miki kika manta," in ji tsohuwar, tana buga gindin sabuwar tsintsiyar da ta kawo tsaraba a tafin hannunta. "Har bayan ƙofa na bi miki."

Lantana ta ɗaga kai tana bin rufin ɗaki da ido, kusurwa bayan kusurwa. Daga gaɓa ta ji an kashe injin jirgin masu duba.