Umarni Uku na Gwani

Tunda ka ce za ka fara koya wa mutane yadda ake harhaɗa manhaja daga tushenta, zauna in ba ka labarin wani gwani, don wallahi na gaji da ganin irinsa.

A wata cibiyar koyon kwamfuta a Zariya aka yi shi. Gwani ne na gaske, wannan ba a ja. Ka ba shi manhaja tana rubutu zalla, yadda masu ita suka rubuta ta, kafin shayi ya huce ya harhaɗa ta, ta zama abin da za a danna ya buɗe. Da aka damƙa masa ajin sababbin shiga, sai ya buga takarda guda mai umarni uku: na farko ya duba kwamfuta, na biyu ya harhaɗa manhajar, na uku ya girka ta. Ya raba wa kowa, ya ce ko makaho ya bi wannan takarda zai kai gida. Ɗalibai suka zauna a gaban kwamfutocin cibiyar, waɗanda shi ne ya shirya su da hannunsa tun shekarun baya, kowa ya buga, kowa ta yi masa. Sai mutum ɗaya, wani magatakardan makarantar sakandare mai furfura a gemu, wanda ya yi shekara ashirin yana buga sakamakon jarrabawa da tafireta. Shugaban makaranta ya ce masa ko ya girka manhajar sakamako a kwamfutar ofis kafin a dawo hutu, ko a ba wani kujerarsa. Shi ya sa kullum yakan naɗe kwamfutar ofis ɗin da bargo, ya ɗauro ta a bayan babur, don ya koya a kanta. Da ya buga umarni na farko, rubutu ya yi ta zuba a baƙin allon kwamfutar, sai ya tsaya cak a kan layi guda. Dattijon ya kwafe layin a littafinsa harafi bayan harafi, ya ɗaga hannu. Gwani ko leƙa allon bai yi ba. Ya jawo tasa kwamfutar, ya buga umarnin uku yatsunsa na rawa, ya juyo masa da ita ya ce, "Ka gani? A tawa tana yi." Gobe haka, jibi haka. Ran gwani ya fara ɓaci, yana ganin mutum ashirin sun wuce, tsoho ɗaya ya hana shi sakat. In ya hango hannun nan a sama sai ya yi tsaki ya kau da kai. A rana ta goma sha ɗaya haƙurinsa ya ƙare, ya ce a gaban aji, "Baba, wannan aikin fa ba na kowa ba ne." Dattijon ya miƙe. Ya naɗe kwamfutarsa da bargo ya fita, ya manta littafin a kan tebur, gwani ya cusa shi a aljihun tebur.

Bayan wata biyu cibiyar ta sayo sababbin kwamfutoci, aka ɗauki sabon aji. Gwani ya shigo yana taƙama, ya zauna a gaban wata sabuwa fil, ya ce kowa ya zuba ido. Ya buga umarni na farko. Rubutu ya zuba, ya tsaya cak. Ya sake bugawa, ya sake tsayawa a nan dai. Babu yadda zai yi sai ya karanta layin. Kwamfutar ce take faɗa ƙarara cewa ba ta da maharhaɗin kansa, wato kayan aikin da ke mayar da rubutu manhaja. Shi ya girka wannan a tasa da tsofaffin kwamfutocin cibiyar tun da daɗewa, har ya manta da shi, kamar mai koyar da miya da bai ambaci tukunya ba don tasa kullum tana kan murhu. Nan take ya tuna da dattijon. Ya jawo aljihun tebur, ya buɗe littafin dattijon. Ga layin nan, shi ɗin dai, sau goma sha ɗaya, kowanne da kwanan watansa. A ƙarƙashin na ƙarshe an rubuta da biro, "Ina jin akwai abin da tawa ba ta da shi." Karatun minti ɗaya ne, kai! Minti ɗaya tak ya hana bawan Allah, yana ta kiransa dolo a zuci. Kunya ta kama shi har wuya. Ya ƙara umarni guda a saman takardarsa, ya hau babur ya nufi makarantar da littafin a hannu. Ya tarar da wani mutum daban a kujerar magatakarda. Aka ce masa an sallami dattijon tun makon da aka dawo hutu, ya koma ƙauyensu. Kwamfutar kuwa tana can a kusurwar ofis, har yanzu a naɗe da bargonsa.

To, ka ji. Duk ranar da ɗalibi ya ce maka ta ƙi, kafin ka buɗe baki, ja kujera ka karanta allonsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.