Masu Koriyar Hula

Simintin da aka toshe bakin rami na uku da shi har ya fara tsagewa, ciyawa ta tsiro a tsagar. Duk safiya in Dogo zai sauka aiki sai ya dafa shi da tafin hannu kafin ya wuce. Mutum tara ne a bayan simintin nan, har da Auta, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Farin dutse suke haƙa, wanda ake yin batirin motocin lantarki da shi. Kamfanin da ke riƙe da mahaƙar na wata ƙasa ne mai nisa, kuma leburori ba sa wahalar da harshensu da sunansa. Masu Jar Hula suke ce masa, saboda launin hular kwanon da yake raba musu.

Ranar da ramin ya rufta, ana jin ƙwanƙwasa daga ciki. Dogo da abokansa suna tono, wasu da shebur wasu da hannu, sai aka bugo wa Manaja waya daga hedkwata: ruwa na neman cin sauran ramuka, a toshe. Mutum huɗu ne suka janye Dogo, motar siminti ta matso. Ga mutanen waje kuwa aka ce waɗanda ke ciki nan take suka cika.

Gwamnati ta fusata. Ta ce za ta ƙwace mahaƙar ta riƙe da kanta, sai fa in wani kamfani ya fito wanda ma'aikata suka yarda da shi. Ana haka sai ga Masu Koriyar Hula daga wata ƙasar dabam. Kullum rediyo cikin labarin ƙasashen biyu take, wannan ta tsawwala wa waccan haraji, waccan ta rama, duk a kan dutsen nan. Dogo, wanda shi ne shugaban ƙungiyar leburori, ya ji ransa ya ɗan yi sanyi. Ga masu jin haushin waɗanda yake jin haushi.

Jagorarsu wata injiniya ce mai furfura da sanyin murya. Ranar da ta zo zagaya, ita ce ma a gaba, ta bi ta bayan ɗakin janareta ta miƙe kai tsaye zuwa rami na uku. Ta cire hularta, ta daɗe a tsaye.

Washegari Dogo ya raka ta ɗakin matar Auta, ita da mai yi mata tafinta. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta zauna a ƙasa, ta karɓi jaririyar da ba ta taɓa ganin ubanta ba.

"Yaya," in ji matar Auta, ba ta ɗago kai ba, "ka ce mata ni ba komai nake nema ba. A ba ni abin da zan binne."

Injiniya ta share hawaye, ta yi magana a hankali. Tafinta ya ce, "Ta ce mutanen da suka daɗe suna ƙwanƙwasa haka bai kamata a bar su a can ba. In kun zaɓe mu, za a duba."

Daga ranar Dogo bai huta ba. Ya bi leburori kantin abinci, ya bi su bakin famfo, ya bi su gida-gida. Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wani tsohon mai fasa dutse da kowa ke kira Kawu, wanda ke son gwamnati ta karɓa.

"Ɗana," ya ce a taro, "hula ja ce ko koriya, kan da ke cikinta dai namu ne, kuma shi dutse ke faɗo wa."

Aka yi dariya. Dogo bai yi ba. Ya nuna shi da yatsa a gaban kowa ya ce Masu Jar Hula ne suka saye shi. Samari suka yi wa tsohon ihu har waje. Aka ɗaga hannuwa, kore ya ci, gwamnati ta janye.

Ranar miƙa mahaƙa, Dogo ya tara masu tono a bakin rami na uku, da diga da guduma. Matar Auta ta zo da farin yadi a cikin jaka. Rana ta take, Injiniya ba ta zo ba. Wanda ya zo Manaja ne, na da ɗin, da sabuwar koriyar hula a kansa.

"Me kake yi a nan?" in ji Dogo. "Ai an kore ku."

"An canja mana hula dai." Manaja ya dubi digar, ya dubi jakar, ya kawar da ido. "Ku mayar da kayan nan sito. Ba a buɗe ramin."

"Injiniya ta yi mana alkawari. A gabana ta yi kuka."

"Ta tafi filin jirgi tun safe." Ya rage murya, kamar wanda ya gaji da riƙon abu mai nauyi. "Dogo, faɗan na rediyo ne. Kamfanonin nan biyu sun haɗa jari tun kafin ramin ya rufta, hedkwatarsu ɗaya. Muryar da ta bugo mini waya ranar ta ce a zuba siminti, tata ce."