Gwangwanin Baba Tela

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, wannan ba ta Gizo ba ce.

Wata baƙuwa ce ta zo daga ƙasa mai nisa, da akwati ɗaya da ilimin ƙwayoyin cuta cike da kanta. Da ta nemi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, sai aka ce karatunta na can ne, a nan ba a san shi ba. Ba ta yi fushi ba. Ta karɓi wankin kwalaben gwaji, tana wanki tana bitar karatu, har ta sake cin jarrabawar da ta riga ta ci a gida, aka ba ta madubin duba ƙwayoyin cuta da teburinta.

A ƙasan benen da take haya akwai wani tela mai keken ƙafa. Baba take ce masa, shi kuwa Baƙuwa yake ce mata. Kullum in za ta wuce sai ya tsokane ta, wai mutane na kiwon kaji, ita ta tsallako duniya kiwon cuta a faranti.

Baba Tela yana da gwangwani a gefen zarensa, cike da ragowar kafso. In likita ya rubuta masa magani, da ya ji sauƙi sai ya daina, ya adana sauran. Mura kafso, ciwon haƙori kafso, maƙwabci ya yi tari ya ɗebo masa.

Ranar da ta gani sai ta tsaya.

“Baba, ƙwayar cuta ma tana da wayo. In ka yi mata rabin duka, dambe ka koya mata.”

Ya yi dariya har da buga keke, ya kwaikwayi yadda harshenta ke karya magana. Ya ce tun kafin a haife ta yake shan abin nan. Ta sake faɗa, ta kuma roƙi matarsa, matar ta ce kunnen malam sai dai a yi masa addu'a.

Ana nan sai almakashi ya faɗo masa a ƙafar dama, wadda yake taka keke da ita. Ɗan rauni ne. Ya buɗe gwangwani. Ƙafa ta kumbura, ya ƙara haɗiya. Sai da ta fara wari aka ɗauke shi asibiti, ruwan ciwon kuma ya zo teburin Baƙuwa.

Ta shuka shi a faranti don cutar ta tsiro, ta jera ƙananan takardu masu magani a kai. A ƙa'ida, maganin da ke aiki yakan share fili kewaye da shi. Da ta buɗe, babu fili ko na ƙwayar gero. Cutar ta haye kowane magani kamar ciyawar damina.

Abokan aikinta suka ce a haƙura. Ta ce ba ta iya haƙurin nan ba. Ta yi ta gwadawa, ta aika wasu asibitoci neman maganin da babu a nasu, har ta samu guda da ya buɗe ɗan siririn fili. Ya ceci ran Baba, amma ƙafar ta riga ta mutu. Aka yanke ta daga gwiwa.

Da ta je duba shi, sai ya ce, “'Yata, ki zubar min da gwangwanin nan.”

Ba ta zubar ba. Ta kai shi ajin ɗalibanta, da shi take buɗe darasi har yau da ta zama shugabar ɗakin binciken cututtuka da garkuwar jiki. Baba Tela ya sayar da keke, yanzu maɓalli yake ɗinkawa da hannu, matarsa ke riƙe da gidan.

Jama'a, maganin da likita ya rubuta a shanye shi duka, kada a ajiye, kada a ba wani. Gaskiya kuma ko a bakin baƙo ta fito, a karɓe ta.