Shaidar da Ba Ta Ɗaukar Waya

Ran Litinin ɗin nan ma Dogo ya goge rigarsa ya tafi ofishin 'yan sanda, ya zauna kan bencin nan mai ƙafa ɗaya gajera. Tun da aka tsince shi a bakin titi yana tangaɗi, makullin motar gidan burodi a hannu, haka yake jele. An ba da belinsa washegari, aka ce ya riƙa zuwa duk mako idonsa garau har a kai maganar kotu. Ba a kai ba, ba a kuma rufe ba.

Lasisinsa na tuƙi na cikin durowar Sajan ɗin ofishin. Mai gidan burodi ya ce ba lasisi ba makulli, kuma ƙarshen watan nan zai ɗauki wani direba.

Dogo ya gaji har ya fara roƙon a gurfanar da shi. A ci shi tara, a ɗaure shi, kome za a yi a yi, ya san matsayinsa. Sajan ya ce ba daga gare su ba ne. Wata mata ce ta bugo waya ranar, sai ta zo ta ba da shaida takarda za ta motsa. Duk Litinin da safe suna kiran lambar, tana shiga, ba a ɗauka.

"Ba za mu manta da ita ba," in ji Sajan. "Har faɗa ta yi mana wai mun cika nawa."

Dogo ya nemi lambar, aka hana shi. Ya tsine wa matar a zuci, ya ƙara.

A gida ba mai lallashi. Kakarsa ce ta raine shi tun da aka kawo mata gawar ubansa daga hanya, kuma ba ta taɓa raino da zaƙin baki ba. Tsohuwar da ta taɓa tare mai karanta mitar lantarki a ƙofa har sai da ya gyara lissafi, yanzu in ya ce ta raka shi ofishin sai ta ce gwiwa. Ko ya kira ta daga can ya ba ta labari, ba ya samunta. Ita da waya dama ba sa shiri. Gane maɓallin kore da na ja kawai ta iya.

Abin da ta sani shi ne ta shinshina bakinsa in ya shigo, ta ce, "Angon nawa ya fara ƙiba," ta tura masa kwano. Gaskiya ne kuwa. Hannunsa ya daina rawa da safe. Abokan kwalba sun daina fito a bayan taga. Shi dai bai ga abin murna ba, mutum da ƙarfinsa yana zaune yana tsince wa tsohuwa shinkafa.

Wannan karon Dogo ya ƙi tashi daga bencin ofishin. Ya ce wa Sajan aikinsa ne zai tafi. Sajan ya tausaya, ya yi alkawarin yau ba safe kaɗai ba, zai yi ta kira har yamma.

Dogo ya dawo ya zube a ƙofar kicin. Kaka na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ya faɗa mata saura kwanaki kaɗan a ba wani motarsa. Ta ce mota ba ta ƙare a duniya ba, jika ne ba ta da wani.

Sai ya ji wani gurnani ƙasa-ƙasa. Gurnanin ya tsaya, ya sake tashi. Daga cikin bokitin fulawa yake fitowa. Dogo ya miƙa hannu, Kaka ta riga shi, ta danne murfin ta zauna a kai da gwiwar nan tata mai ciwo.

"Bar wayar ta yi ta kuka," ta ce. "Ranar da na kira su su zo su kwashe ka, ai su ma ba su ɗauka da wuri ba."