Rufin tsohon garaji

Shekarar sanƙarau, wata la'asar, Baba ya riƙe hannuna muka tsaya ƙofar tsohon garajin kamfanin Agiye. Nan ya yi gyaran motocin gyaɗa yana saurayi, daga baya wurin ya koma ma'ajiyar hatsi. Ranar an kwashe buhunan, ana shimfiɗa wa marasa lafiya tabarmi. Warin baƙin mai bai bar daɓen ba.

Hannunsa zafi rau. Ya daɗe yana murza ƙeyarsa.

"Uwata," ya ce da ni, "in an kawo ni, ki ce su kwantar da ni can gabas. Nan rufin yana zuba."

"Baba, ai bazara ce."

"Haka ne," ya ce.

Can gabas ɗin aka kwantar da shi. Bai ga damina ba. Yau har na girme shi.