Gyaran da Aka Ɓoye wa Rumbu

Ranar wata Talata, da ƙarfe goma na safe, masu rubuta manhaja su bakwai suka zauna suka yi yarjejeniya. Kowannensu ya gaji da sake rubuta abu ɗaya, wato 'yar manhajar nan da ke karɓar saƙon intanet ta tsefe shi bisa ƙa'ida, ta ware adireshi gefe, kwanan wata gefe. Sai suka tara nasu wuri guda, suka kira shi rumbu, suka damƙa wa wata mata a cikinsu riƙonsa. Ta ba kowace ƙa'ida aljihunta da lambarta, ta kafa sharaɗi ɗaya tak: wanda ya ga ɓaraka, a rumbu zai ɗinke ta, ba a ɗakinsa ba. Kowa ya ce ya ji.

Ba a jima ba wani asibitin haihuwa da ke amfani da aikinsu ya fara kuka, wai sakamakon gwajin mata na ɓacewa a hanya. Wata huɗu matar da ke riƙe da rumbun tana bin layukan manhajar ɗaya bayan ɗaya, ana kiranta ana gaya mata baƙar magana, har aka fara cewa a karɓe rumbun daga hannunta. Ashe ɗaya daga cikin su bakwai ɗin ya gano matsalar tun makon farko: tsohuwar na'urar asibitin da lamba biyu take rubuta shekara, manhajar kuwa sai ta watsar da saƙon. Ya gyara a kwafinsa, ya ja bakinsa ya yi gum, don a ce nasa aikin ne kaɗai ba ya tuntuɓe. Da shi ake zaman neman mafita, yana girgiza kai yana cewa Allah ya kyauta! Ranar da zai nuna aikinsa gaban wata hukuma da ya shekara yana neman kwangila a wurinta, ya jawo sabon zubin rumbu, sabon ya hau kan kwafinsa ya shafe gyaran da rumbu bai san da shi ba. Manhajarsa ta tsaya cik a gaban jama'a. Ya zo wurin matar yana huci, wai ta lalata masa aiki. Ta buɗe tarihin kwafinsa, ta ga gyaran, layi uku kacal, da ranar da aka yi shi.

Ta ce, "Malam, wata huɗu kana kallona ina nema?"

A ranar ta saka layukan uku a rumbu, saƙonnin asibiti suka koma isa. Shi kuwa hukumar ba ta sake kiransa ba.

In za ka gina ramin mugunta, in ji Hausawa, gina shi gajere.