Tsinin da Ya Ƙi Barin Allo

Tsinin ya sake fitowa a kan allo, ya yi tsalle sama kamar mai gwalo, ya ɓace. Baba Waya ya ajiye sukudireba, ya goge gumi da bayan hannu.

Na'urar auna sigina ce ta wani gidan rediyo, wadda suke duba lafiyar watsa shirinsu da ita. An kawo ta ne don ta ƙi kunnuwa, kuma wannan bai ɗauke shi ko rabin yini ba: kafasita ce, 'yar abar da ke tara wuta a ciki, ta kumbura, ya canja ta. Amma tun da ta farfaɗo, duk sa'ad da ya jona mata eriyar gwaji, sai koren layin da ya kamata ya kwanta lumui ya riƙa harba tsini jifa-jifa, a wuri guda.

Ya canja kebul. Ya wanke bakin soket. Ya bi dalma ɗigo-ɗigo da gilashin ƙara girma. Ya kashe fanka, ya kashe fitilar silin, ya kai wayarsa da ta abokin aikinsa Dogo shagon tela na maƙwabta. Tsini na nan daram.

Abin da ya fi ci masa rai, Dogo bai taɓa ganin abin ba sai a gabansa.

"Wallahi, Baba, ɗazu da ka fita shan iska na kunna ta, layi sumul kamar an yi masa guga. Ko dai ba ta son fuskarka ne?"

Baba Waya ya koma kan aikinsa, don maganar shan iskar nan ba ta son tonawa. Tun da likita ya ce masa sukari ya yi yawa a jininsa, matarsa ta kafa dokar ta-ɓaci a gida, shayi ma salam ake ba shi. Shi kuwa ya gano wani shagon kek a bayan tasha, inda yakan lallaɓa ya kora yanki guda da lemo mai sanyi, ya wanke baki, ya dawo yana tafiyar salihai.

Sai dai kwanan nan asiri ya daina rufuwa. Yana shiga gida za ta tare shi da murmushi.

"Sannu da zuwa, maigida. Yaya mutanen bayan tasha?"

Ya canja shago, ta ambaci sabon. Ya zargi mai kek, ya zargi tela, ya zargi Dogo har ya yi kwana biyu yana amsa masa gaisuwa da hanci. Ita kuwa ko faɗa ba ta yi, sai ma ƙarin kulawa: ga ruwan wanka, ga sabon takalmi mai taushi da ta sayo masa, wai masu sukari sai an lallaɓa ƙafarsu.

Da hantsi mutumin gidan rediyo ya leƙo, ya ce in zuwa yamma ba ta gyaru ba zai kai ta wajen yaran nan na sabuwar kasuwa. Baba Waya, wanda rabin masu gyaran garin a hannunsa suka koyi riƙe dalma, ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Ya zauna ya ƙura wa allon ido. Can wani tunani ya faɗo masa: idan na'urar ba ƙarya take yi ba fa? Ya lanƙwasa guntun waya ya yi 'yar eriya, ya jona da dogon kebul, ya shiga farauta. Ya kai ta jikin bango, tsini ya ragu. Ya kai ta kan durowa, ya ragu. Ya kai ta kan Dogo, ya bi shi daga hula har sawu da fatan a kama ɓarawo, babu komai. Da ya gaji ya saki hannu, eriyar ta yi lilo kusa da ƙafarsa, sai tsini ya buga har saman allo.

Dogo ya toshe baki.

Baba Waya ya tuɓe takalmin hagu, ya sa sukudireba ya ɓamɓare dunduniyar. A cikin wani rami da aka yanka da kyau, ga wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, irin mai aika wa wayar mutum inda take. Ya cire batirinta. Layin allo ya kwanta lumui.

Ya juya ta a tafin hannu, yana shirin tsine wa wanda ya haɗa ta, sai ya tsaya. Dalmar tsaf, kowane ɗigo kamar ƙwayar gero. A garin nan hannu ɗaya ne ke irin wannan aiki.

Shi ya haɗa ta da kansa watan jiya, har yana alfahari, ranar da matarsa ta roƙe shi ya taimaka mata da abin bin sawun wani tsohon rago mai taurin kai, wanda ta ce kullum sai ya sulale ya je ya ci abin da zai kashe shi.